Sa Hannun Amparo

Sau goma sha ɗaya Amparo Barragán ta rubuta sunanta kafin 'yarta ta fito daga wanka. Yesenia ta tarar da ita a teburin kicin, ta duƙa, biro a maƙale tsakanin yatsu biyu da suka daina lanƙwasawa. Takardun da take rubutu a bayansu ragowar na kamfe ne, waɗanda Yesenia ta yi wata biyu tana rabawa ƙofa-ƙofa: hoton gwamna, da A'A da manyan baƙaƙe, wato kada a tsige shi.

"Mama, tun yaushe kike nan?"

"Tun da na ɗora wake. Zo ki duba min, wanne ya fi kama da ni?"

Babu wanda ya yi kama. Sa hannun da ke kan katin shaidarta mai tsabta ne, da doguwar jela a harafin ƙarshe. Amma shekara talatin na tsintar lemo da inabi a rumfar sanyi inda ake cika su a kwali sun cinye gaɓoɓin hannun, bara kuma ciwon ya ƙarasa abin da ya rage.

Wasiƙar ofishin zaɓe na gunduma, da ke birnin Fresno, tana jingine da kwalbar gishiri. Jiya ta iso, kwana ɗaya bayan zaɓen kiranye. Ta ce sa hannun da ke kan ambulan ɗin ƙuri'ar da Amparo ta aika ta gidan waya bai dace da wanda suke da shi ba, don haka ba za a buɗe ba sai ta tabbatar ita ce.

"Ana iya mayar musu ta gidan waya," in ji Yesenia. Yau ce kaɗai ranar hutunta daga kantin magani, inda take tsaye awa tara da digirinta.

"Ta gidan waya na aika ta farko, suka ce ba ni ba ce. Yanzu su ga fuskata."

Rigoberto, yayan Yesenia, yana waje yana ɗaure igiya a bayan motarsa ta ɗaukar kaya. Ko juyowa bai yi ba da Yesenia ta tambaye shi ko zai kai su.

"Fresno? Yau? Zabibi na shanye a gona, an ce hadari na tafe. Kuma an gama, malama 'yar boko. Mutuminku ya ci, tun kafin mu gama cin abinci aka faɗa."

"Kai da ka sa hannu a takardar neman tsige shi, ranar zaɓe kuma ka kasa tashi daga kujera."

"Na tashi, na je aiki. Wanda ya hau da wanda ya sauka, wa zai juya min zabibi?"

Suka hau bas ɗin ƙarfe tara. Hayaƙin gobarar daji ya rufe duwatsun gabas, rana ta yi ja kamar an shafa mata barkono. Gefen hanya inabi ne shimfiɗe a kan takardu tsakanin layuka, har iyakar gani. Amparo ta rungume jakarta, wasiƙar na ciki tare da takardar zama 'yar ƙasa, wadda ba wanda ya ce ta kawo.

A cikin bas ɗin ba a rasa mai magana ba. Wata mata sanye da kayan aikin jinya ta ce ita dai ta samu barci, don da ɗayan ya hau da ba ta san inda asibitinsu zai kwana ba. Wani tsoho mai hular kaboyi ya ce an ƙona kuɗin jama'a an dawo inda aka tashi, rijiyarsa kuma har yau a bushe take. Sai ya ƙura wa Yesenia ido.

"Ke ce kika buga min ƙofa sau uku, ko? Har karena ya san ki."

"Sau huɗu, Don Eusebio. Na huɗun ka ɓuya a bayan labule, na ga takalmanka."

Aka yi dariya, har da direba.

"To kun ci. Ina kuma za ki da tsohuwa cikin wannan hayaƙi?"

"Za mu ƙara masa ɗaya," in ji Yesenia, ta ɗaga kai. "Ƙuri'ar mamata ce suka riƙe."

Amparo tana kallon taga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya ce miki tasa ce?"

Yesenia ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Don Eusebio kuwa ya ji, ya buga cinya, ya cire hula ya ɗaga wa Amparo.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "me kika cika?"

"A tsige shi."

"A teburin da nake jera takarduna? Wata biyu ina fita cikin rana, kina dafa min abinci, kina ce min Allah ya taimaka?"

"Ke nake wa addu'a, ba shi ba."

"Kin san wanda zai hau in ya sauka? Kin ji abin da yake faɗa a kan irinmu?"

"Ban zaɓi kowa a ƙasan takardar ba. Sunaye fiye da arba'in na masu son maye gurbinsa, na bar su yadda na gan su. Tambaya ta farko kaɗai na amsa." Ta gyara jakar a cinyarta. "Lokacin annoba an rufe coci, an rufe makaranta, an rufe wurin aski. Rumfar lemo ba a rufe ba. Aka ce ubanki yana cikin waɗanda ba a iya yi sai da su, aka ba shi takarda ya riƙe a mota. Can ya ɗauko ciwon. Mutum goma suka binne shi, Yesenia. Addu'ar kwana tara ta waya na yi ta, ina kallon fuskokin 'yan'uwansa ƙanana a allon wayar kamar kan sarkin wasiƙa."

"Ba shi kaɗai ya yanke wannan ba. Kuma da bai rufe ba, da waɗanda suka mutu sun fi haka."

"Wataƙila. Ke kika yi karatu. Ni dai ba wanda ya taɓa tambayata komai, sai wannan takardar. Ta tambaye ni, na amsa."

Yesenia ma tana cikin goman nan. Ita ta riƙe wayar a kwanaki taran.

Bas ya sauke su a tsakiyar gari. A ɗaya gefen titi motar komawa gida tana tsaye, ƙofa a buɗe, direban yana shan kofi. Amparo ba ta jin Turancin da ya wuce na rumfa, ba ta kuma san wace ƙofa ce a cikin dogayen gine-ginen nan ba. Ta tsaya tana jira, ba ta roƙa ba, ba ta kalli 'yarta ba. Yesenia ta dubi motar har direban ya yar da kofinsa. Sannan ta karɓi jakar ta rataya, ta miƙa wa uwar gwiwar hannu.

"A hankali, akwai tudu."

Ofishin babu kowa sai masu ɗaukar akwatuna. Ma'aikaciyar da ke kan kanta, wata Misis Vang mai tabarau a wuya, ta karanta wasiƙar, ta dubi katin, ta dubi hannun Amparo, ta gane ba tare da an yi mata bayani ba. Ta turo takardar tabbatarwa da biro, ta yi magana, Yesenia ta fassara.

"Ta ce in rubutun na ba ki wuya, kina iya yin alama kawai, ni in sa hannu a matsayin shaida."

"Alama? Irin ta uwata?" Amparo ta miƙe wuya. "Gaya mata ina da shekara arba'in na koyi rubuta sunana, a makarantar manya, da ke a goye. Ba zan yi gicciye ba."

Ta zaro takardun kamfen daga jakar ta shimfiɗa, tana neman wanda ya fi kyau cikin goma sha ɗayan don ta kwaikwaya. Misis Vang ta girgiza kai, ta yi murmushin wadda ta kwana biyu ba ta huta ba.

"Ta ce kada ki kwaikwayi na da," in ji Yesenia. "Ki sa yadda hannunki yake yau. Shi za su ajiye daga yanzu."

Amparo ta dubi yatsunta. Ta ɗauki biron. Da ta danna, takardar ta zame a kan kantar, harafin farko ya karkace. Ta sake gwadawa, ta sake zamewa, don hannun hagun ba shi da ƙarfin dannewa.

Yesenia ta ajiye jakar a ƙasa. Ta ɗora tafukanta biyu a gefen takardar ta danne.

"Riƙe da kyau, 'yar gwamna."

"Na riƙe. Rubuta."

Harafi bayan harafi, biron yana rawa, yana tsayawa, yana ci gaba. Wani ya wuce da keken akwatuna. A talabijin ɗin da ke bango gwamna yana ɗaga hannu yana godiya, an kashe sautin. Kafaɗun Yesenia suka fara ciwo. Da aka kai harafin ƙarshe Misis Vang ta miƙo hannu za ta karɓa.

"Tukuna," in ji Amparo. "Saura jelar."

Yesenia ba ta saki takardar ba.