Tayoyi Ba Su Jin Jawabi

Tun da farashin gangar mai ya faɗo a kasuwar duniya, layin masu taya ya mutu murus. Direbobi suka koma faci a kan faci, kamfanoni suka ajiye manyan motocinsu, sai ƙudaje ke zirga-zirga. Mai Taya kuwa, duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin sito ɗaya, tayoyi ne jere a kan juna har rufi, waɗanda ya shigo da su daga waje tun dala tana da kunya. Kullum da safe ya buɗe ƙofa warin sabuwar roba ya dake shi, sai ya tuna cewa roba ma tsufa take yi.

Shi ya sa da yayan matarsa ya ce zai sayi siton gaba ɗaya, kuɗi hannu, a tsohon farashi har da ɗan ƙari, sai da Mai Taya ya kwana yana murmushi. Ran da aka sa za a ƙulla cinikin ya fito da babbar riga, yana tafe yana gaisawa da mutanen da ma bai saba gaisarwa ba. A ransa har ya raba kuɗin: ya gyara rufin gida, ya sayi fili, ya huta da haɗiyar ƙura.

Ya kira shaidu biyu, abokan hirarsa, suka zauna a ofishinsa da ke bakin sito, mai fanka ɗaya da tsohon talabijin. Akwai Ɗan Canji, da wayoyi uku a gabansa kamar mai sayar da su. Akwai kuma mai gidan man da ke kan kwana, wanda ake ce wa Ganga, don ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako maganar farashin ganga. Ranar kuma ita ce shugaban babban banki zai yi jawabi da rana, gari duk ya ɗauka.

Yaya ya iso yana ƙamshin turare, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ƙanena, ni taimakonka na zo yi," in ji shi. "Ina da mutum a ciki. Gwamnati ba za ta saki kuɗinmu ba, za ta tare shi da duk abin da ke baitulmali. Dala za ta sauko, kayan waje su yi araha, kai kuma ka tashi da tayar da ka saya da tsada. Don ƙanwata nake yi."

"Maganarsa dutse," in ji Ganga. "Ita taya da me ake yin ta? Da mai. Ganga ta faɗi, kuma wallahi ba ta gama faɗuwa ba. Manyan masu haƙowa sun ƙi rage haƙo, masu masana'antu sun daina saye, jirage na nan cike a teku an rasa inda za a juye. Nan gaba kaɗan a kyauta za a riƙa ba ka taya in ka sha mai."

"Kai da ka ce bara ganga za ta ninka?" in ji Ɗan Canji.

"Bara ai bara ce. Kai ma bara kana da gashi."

Aka yi dariya. Ɗan Canji ya shafa sanƙonsa ya ce shi ma dai yana ganin dala ta kai ƙarshen tsaninta. Masu zuba jari na waje sun riga sun kwashe abin da za su kwasa sun gudu, in aka ƙara kuɗin ruwa za su dawo da gudu kamar kaji sun ji watsin tsaba.

Mai Taya yana ji, zuciyarsa na rawa. Baki uku sun zama ɗaya, me ya rage? Yaya ya miƙo hannu. A layin nan kuwa, in ka kama hannun mutum a gaban shaidu ka ce ka sallama, ko ɗanka ne ya rasu ba ka dawo da magana. Mai Taya ya ɗaga hannu, har ya kai rabi, sai wani abu ya faɗo masa a rai, ya mai da hannun ya sosa gemu.

"Ganga, yau da zan wuce na ga ka ja sarƙa a bakin gidan manka."

"Babu mai ne."

"Jiya da yamma ba tanka na gani tana juyewa ba?"

Ganga ya kalli fanka. "Famfo ne ya samu matsala."

"Duka famfunan? Allah ya ba su lafiya."

Mai Taya ya ji wani irin daɗi yana taso masa tun daga tafin ƙafa, irin na maharbin da ya ga sawu ɗanye. Mutumin da ya yarda mai zai yi araha gobe, ai yau zai sayar har da na cikin janareta. Ya juya wurin Ɗan Canji.

"To, mutumina, ga ciniki ya same ka har gida. In Yaya ya biya ni, duka zan juye su dala. A farashin safiyar nan. Ka sallama?"

Ɗan Canji ya shiga jera wayoyinsa, ya mai da ta dama hagu, ta hagu dama.

"Ka san halin kasuwa. Yau ba ni da ko ɗaya a hannu."

"Kai da ko ranar sunan ɗanka ba ka rasa ba? Ai ka ce saukowa za ta yi. Rabu da ita mana, ni in ɗauki asarar."

"Sai dai bayan jawabi."

Mai Taya ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Bai yi zurfi a makaranta ba, amma ya daɗe da sanin cewa bakin ɗan kasuwa na jama'a ne, hannunsa ne nasa. Ga mutum uku, kowa na rantsuwa kuɗin ƙasa zai yi ƙarfi, kuma ba wanda yake son ya kwana da shi a aljihu. Ɗaya ya ɓoye mai, ɗaya ya ɓoye dala, na ukun yana neman inda zai sauke takardun kuɗinsa ya rungumi roba.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma albarka."

Fuskar Yaya ta canza. "Ni za ka kunyata a gaban mutane? Sai da na kwashe kuɗina daga banki saboda kai."

"Na sani, Yaya. Shi ne ma abin da ya ba ni tsoro."

Ana cikin haka jawabi ya fara. Aka ƙaro muryar talabijin, maƙwabta suka cika ƙofa. Shugaban banki ya gyara tabarau, ya buga tebur, ya ce muddin yana kan kujerar nan ba za a karya darajar kuɗin ƙasa ba, akwai ajiya isasshiya, kowa ya kwantar da hankalinsa. Sai da ya maimaita har sau uku.

Yaya ya miƙe tsaye yana tafa hannu. "Ka ji ko? Ka ji da kunnenka? Yanzu ko ka roƙe ni, sai na rage."

Mai Taya ya sunkuyar da kai. Ya hango kansa yana shiga gida da labarin cewa ya kori kuɗi da ƙafa, ga sito cike, ga mata da za ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. Har ya buɗe baki zai ce a dawo a zauna.

Sai wayar Ɗan Canji ta yi ƙara. Kafin ya ɗauka ta biyu ta kama, ta uku ta bi. Ya manna ɗaya a kowane kunne, yana cewa babu, babu, wallahi babu, idanunsa na ƙara girma. Ya dubi Mai Taya yana haki.

"Dala ta tashi. Tun bai rufe baki ba ta tashi. Kowa dala yake nema, har masu gidan burodi."

"Ba ya ce akwai ajiya ba?" in ji Yaya.

"Ai shi ne," in ji Ɗan Canji. "Mai abu ba ya rantsuwa sau uku."

Ganga bai ko yi sallama ba, ya tattare riga ya yi waje da sassarfa, wani daga ƙofa ya bi shi da tambayar ko famfo ya warke. Layi ya ɗauki hayaniya, ana jin ƙarar ƙofofin shaguna ana ja, kowa na rufe kayansa kafin wani mai wayo ya zo masa da tsohon farashi. Mai Taya ya shiga sito yana bubbuga tayoyin nan da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida dawakai, yana dariya shi kaɗai.

Yaya ya biyo shi, murya ta yi laushi. "Ƙanena, mu yi magana ta 'yan'uwa. Na ƙara maka. Faɗi da bakinka."

"Yaya, yau ko ni ban san kuɗinsu ba."

"To ko rabi."

"Motarka dai na ga ƙafar baya ta suɗe. Aiko direba ya ɗauki biyu, kyauta, don zumunci."

Yaya ya tsaya yana dubansa, ya rasa ko zagi ne ko alheri. Can ya ce sai ya gaya wa ƙanwarsa irin mijin da take aure.

"Gaya mata," in ji Mai Taya, yana laluben makulli a aljihu. "Amma ka bari in riga ka isa, ni na fi iya ba da labarin."