Maganar da Ta Tafi Tare da Dogo

Darakta mutum ne mai taurin kai, kuma taurin kan ya daɗe yana yi masa rana. Tun da ya kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo bai taɓa yarda a rubuta wasa ba. Sai ya tara 'yan wasa a kan benci, ya ba su labari da baki, ya ce kowa ya nemo maganarsa a cikin cikinsa. Mai kyamara kuwa ko bakin ƙofa ba ya bari ya tsaya, wai takarda da kaset makabartar wasa ne.

Haka aka yi "Ƙofar Baya", labarin mata da miji da suka rabu bayan dogon zama. An yi shekaru ana nuna shi, ɗakin taro na cika har wasu su maƙale a taga. 'Yan jarida suka ce wannan wasa jikoki za su gada. Darakta ya yarda, don bai taɓa musa maganar da ta yi masa daɗi ba.

To, ga jikokin sun zo. 'Yarsa mai koyarwa a sakandare ta ce ɗalibanta na son yin wasan a ƙarshen zango.

"Baba, rubutun kawai za ka ba mu."

"Wane rubutu? Ai yana nan," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshi.

Da suka zauna sai ido ya raina fata. Ya tuna ta inda kowa ke shigowa da inda ake rage fitila. Amma fitowar ƙarshe, inda mijin ke dawowa gidan, wadda saboda ita ake cika ɗakin, ko jimla ɗaya ta ƙi zuwa. Dogo, wanda ke fitowa a mijin, ya rasu bara. Ɗakin taron ma ya zama shagon katifu. Saura Gwaggo, wadda ke fitowa a matar.

Suka same ta da hantsi a ɗakin baya na gidan ɗanta, tana fama da zare ya ƙi shiga allurar keke.

"A'a! Yau Darakta ne a gidanmu? Lallai za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ke dai bakin nan naki bai tsufa ba."

"Shi kaɗai ya rage, gwiwoyi sun yi ritaya."

Da ta ji abin da ya kawo su, fuskarta ta washe. Ta ture keken gefe, ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafi. 'Yar ta kunna waya tana ɗauka. Gwaggo ta dubi ƙofa, sai muryarta ta sauya, ta koma ta matar cikin wasan.

"Shigo mana. Ƙofar ba ta manta ka ba."

Ta juyo ta dubi Darakta.

"To, ba ni," ta ce.

"In ba ki me?"

"Maganar Dogo mana."

Darakta ya yi gyaran murya. "Na zo kwashe kayana."

"Haba! Dogo bai taɓa faɗin haka ba. Wani abu yake cewa a kan takalmi. Ko a kan labule ne? In ya faɗa sai in ji kamar an soke ni, sauran maganar ta zubo da kanta."

"To zubo da ita haka nan."

"Daga ina? Kai ka hana mu hadda. Shi ke jefowa, ni in cafe. Amma kai ai kullum kana wurin, Darakta."

Yana wurin, babu shakka. Sai dai a bayan labule yake tsayawa, idonsa a wata 'yar huda, yana kallon 'yan kallo. Har gobe zai iya kwatanta matar da ta cusa mayafi a baki don kada a ji kukanta, da dattijon da ya tashi ya fita yana share ido. Ya san daidai lokacin da ɗakin ke yin tsit. Abin da Dogo ke faɗa har a yi tsit ɗin ne bai taɓa saurara ba.

Gwaggo ta ci gaba da tsayuwa tana duban ƙofa, leɓɓanta na motsi, har gwiwoyin suka gaza ta koma kan kujera. 'Yar ta kashe wayar.

A hanya, sun zo daidai shagon katifun, ta ce a hankali, "Baba, ko mu rubuta wani sabo, mu sa masa sunan?"

Darakta bai ɗaga kai ya dubi shagon ba.

"Ku sa," ya ce. "Wa ya rage da zai ce ba shi ba ne?"