Fiffiken Hagu

Gidan ƙanwata yana bayan katangar ƙaramin filin jirgi, inuwar jiragen ma ta kan igiyar shanyarta take bi. Autanta matuƙi ne, muna kiransa Shaho. Wani ɗan jirgi yake tuƙawa mai kujeru huɗu, yana kai magunguna asibitocin ƙauye. Duk sanda ya dawo sai ya bi ta saman gidan ya kaɗa fikafikan jirgin, ita kuma ta ɗaga masa duk abin da ke hannunta, ko ludayi ne.

Sai suka ɓata. Wani jirgi ya faɗi a wata ƙasa, ta gani a talabijin, ta ce Shaho ya bar aikin. Ya yi dariya ya ce, "Inna, mota ma ai tana kashe mutane."

"To in ka sake hawa gwangwanin nan, kada ka ƙara gaishe ni. Ko a sama ko a ƙasa."

Taurin kai a wurinta ya sha shi. Ya koma kwana a ɗakin matuƙa, yana wucewa ta saman gidan fikafikai a miƙe kamar an auna da magwaji. Ita kuma da ta ji ƙugin injinsa sai ta ƙirƙiro shanya, ko busassun kaya ne.

"Ki kira shi mana," na ce mata.

"Yaya, ka tsaya ga tattabarunka. Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

Ran da abin ya faru ina tsakar gidan da hantsi, ina kallon wani gajimare mai kama da kujera. Jirgin ya taho ƙasa ƙasa, har tattabaru suka watse. Sai ya kaɗa fikafikai. Ya zaga, ya dawo, ya sake kaɗawa.

"Ya huce!" na ce. "Kin gani? Ɗan banza ya huce!"

Ta fizgi zanin gado daga igiya tana kaɗawa da hannu biyu. Ni dai na lura da abu ɗaya: tayarsa guda ta sauko, ɗayar ta maƙale a ciki, kamar zakara mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Har na so in yi dariya. Ya ɓace bayan katanga. Muka ji ƙara kamar an jefar da tarin kwanon rufi, sai hayaƙi.

Da aka kawo mana kayansa, agogon hannunsa yana ta tafiya. Na daɗe ina mamakin wannan.

Bayan an yi jana'iza, mai kula da hasumiyar filin ya zo gaisuwa. A ƙofar gida ya yi mini bayani. Wutar jirgin ce ta ɗauke a sama. Injin yana aiki, amma rediyo ya mutu, kuma da wuta ake sauke tayoyi. Matuƙin da ya rasa rediyo, in ji shi, kaɗa fikafikai yake yi don hasumiya ta san ba ya ji, ba ya magana.

"Da mu yake, Baba," ya ce.

Na riƙe hannunsa. "Don Allah, in ka shiga, kada ka faɗa mata haka. Ita ta ɗauka gaishe ta ya yi. Shi ke nan abin da ya rage mata."

Muka shiga. Tana zaune a bakin gado, zanin nan a ninke a cinyarta. Mutumin ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ƙara da cewa, "Mama, duk muna kallo daga hasumiya. Ke ya gaisar."

Ta dube shi, ta dube ni.

"Yaya ne ya saka ka?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"In ni yake gaisarwa, fiffiken hagu yake fara saukewa, wajen ɗakina. Tun ran da ya fara tashi haka yake yi. Ran nan da na dama ya fara." Ta shafa zanin. "Na gani tun zagayen farko. Na dai ci gaba da ɗaga masa ne, ko zai leƙo ƙasa."

Wani jirgi ya taso daga filin. Inuwarsa ta bi ta kan igiyar shanya, babu komai a kanta. Ta tashi ta rufe taga.