Ƙoƙon Kan Fitilar Si Sadok

Duk lokacin da muka kai wa Lalla Munjiya sabuwar fitilar, sai ta kalle ta, ta ce, "Ba tasa ba ce." Daga nan ba ta ƙara komai.

Mijinta, marigayi Si Sadok, shi ya zana fitilar jim kaɗan bayan samun 'yancin kai: dogon wuya na tagulla, hula mai faɗi, da wani ɗan ƙoƙo a can sama. Otal-otal na Tunis sun yi yayinta, sannan aka daina yin ta tun kafin in fara aiki a maƙerarsa. Yanzu jikarsu Emna, wadda ta karanci lantarki, ita ke riƙe da wurin, kuma tana so ta dawo da fitilar da ƙwan zamani mara cin wuta. Sai dai zanen da sunan a hannun tsohuwa suke. In ba ta yarda ba, ba fitila, maƙerar kuwa ba ta da wani abin dogaro.

"Kawu Nuri, ni dai na gaji," in ji Emna. "Ta ce ba tasa ba ce, na mai da hasken ruwan zuma. Ta ce ba tasa ba ce, na sa ka sake wuyan. Har ƙoƙon nan mara amfani na bari. Me kuma take so?"

Ban sani ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Na ce mu koma, amma a wannan karon kada mu tambaye ta komai.

Muka same ta bayan la'asar a falonta da ke unguwar Bab Suwika. Emna ta ajiye sabuwar kusa da tsohuwar fitilar Si Sadok da ke falon, ta kunna.

"Kin sake kawo mini gawar nan?" in ji Lalla Munjiya.

"Kaka, gawa ce ke haska miki fuska haka? Har na ga wani sabon tamoji."

"Ja'ira. Da wannan bakin za ki auru?"

Aka kawo shayi da na'a-na'a. Ni dai ina kallo. Tsohuwa tana ba mu labarin ciwon gwiwarta, ta miƙa hannu ta kunna tsohuwar fitilar, ta ɗauko wata kwalba a gefen kujera, ta ɗiga wani abu a ƙoƙon, ko kallon wurin ba ta yi ba. Kafin mu shanye shayin, ƙamshin ruwan furen lemo ya cika ɗakin.

Na tashi na taɓa ƙoƙon tsohuwar fitilar, na janye yatsa da sauri. Na taɓa na sabuwar, sanyi ƙalau.

"Lalla, kullum kike zuba wannan?"

"To me za a zuba? Ai don shi ya yi ƙoƙon. Ba ya son hayaƙin turare, tari yake sa shi."

Emna ta dafe kai. "Kaka! Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗi me? Ni ban san zafi ne babu ba. Na dai ga tana haske, amma ɗakin bai zama ɗaki ba."

A hanya, da muka kusa maƙera, Emna ta juyo gare ni. Ta ce ƙwan zamani ma yana da ɗan zafinsa, a bayansa yake, ita ce ta yi ta wahalar kore shi ta gindin fitilar. Ta ce in ƙera mata sandar jan ƙarfe da za ta ɗauki zafin daga bayan ƙwan zuwa ƙoƙon. Na ƙera.

Da muka koma, Lalla Munjiya da hannunta ta ɗiga ruwan. Muka zauna. Shayi ya zo, ya ƙare, ba a ji komai ba. Emna sai murza zobenta take yi. Har na fara neman takalmina da ido, sai ga ƙamshin, a hankali, kamar mai jin kunyar shigowa.

Tsohuwa ta lumshe ido, ta daɗe a haka.

"Ta cika nawa," ta ce. "Sak kakanki, shi ma sai an kwashe kofuna yake isowa. Ku sa sunansa. Wannan kuma ku bar mini ita a nan."