Jakunkunan Tamfol

Ranar kasuwar Sabon Birni wani baƙo ya shigo shagon Badaru tela da tamfol mai kauri a hammata. Jakunkuna yake so, dogaye, masu igiyar ratayawa.

"Mi za a sa ciki, malam?"

"Kai dai ɗinka, tela," in ji baƙon.

Badaru ya auna tsawon da ido, ya ga daidai bindiga ne. In ya ƙi, an san shagonsa. In ya ɗinka, da hannunsa a ciki.

Keke biyu gare shi. Sai ya tura tamfol ɗin ƙarƙashin ƙaramin, na ɗinkin riguna. Nan take allura ta karye.

"Ka gani? Ba ya iyawa."

Baƙon ya nuna babban keken da ke lulluɓe da zane, wanda ake ɗinka sit ɗin babur da shi. "Wancan fa?"

"Ya lalace."

"To, za ni dawo in ya gyaru."

Tun ranar Badaru bai ƙara yaye zanen ba. 'Yan kabu-kabu suka koma kai aikinsu garin Isa. Shi kuwa yana zaune yana duban hanya, bai ma san ko mugu ya kora ko mai neman halal ba.