Allurar Shanu

Vernon Lindquist bai taɓa kuskure ba idan zai yi wa saniya allura. Yau kuwa sai da ya kuskure bakin kwalbar kafin tsinin ya shiga. Ya zuƙo farin ruwan maganin, ya ɗaga sirinjin wajen hasken taga, ya rage, ya sake ragewa. A jikin kwalbar an faɗi abin da ake ba saniya gwargwadon nauyinta, amma babu inda aka ambaci mutum.

Eusebio, ma'aikacinsa, na zaune a kan kifaffen bokiti cikin ɗakin tatsa, ya miƙe ƙafarsa ta hagu. Tun makon jiya wata jar saniya mai taurin kai ta taka shi, ta haɗa ƙafar da bakin ƙarfen magudanar kashi. Da farko ɗan yanka ne a saman tafin. Yanzu ƙafar ta kumbura ta yi suntum, fatar tana sheƙi, bakin raunin ya yi duhu.

"Maigida, ka yi mana mu tashi. Shanu na kuka."

"Sebio, wannan na asibiti ne."

"Jiya ma haka ka ce, kuma ka yi min." Ya yi murmushi, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin safiya. "Ka ga yanzu ni da jar nan magani ɗaya muke sha. Ranar da na fara ba da madara sai ka ƙara min albashi."

Vernon bai yi dariya ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya soka allurar a cinya.

Eusebio yana saurayi ya zo gonar nan daga Veracruz ta ƙasar Meziko, ba ya jin ko gaisuwa da Turanci. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'yan mata biyu, a nan furfura ta fara fito masa. Ba shi da takardun zama. Kowa a yankin ya sani, kamar yadda aka san na duk masu tatsa a gonakin jihar Wisconsin ta Amurka, ba a dai faɗa. Tun da jami'an shige da fice suka kama ɗan'uwan matarsa a bakin kanti cikin bazara, ma'aikatan suka ƙaurace wa gari. Kullum sai an aiko saƙo a wayoyinsu: an ga farar motar jami'an a ƙofar makaranta, an ga farar mota a harabar asibiti. Babu wanda ya gani da idonsa, kowa wani ne ya gaya masa.

* * *

Da rana rediyon kicin na ta sababi kamar kullum. Gwamnati ta daɗe a rufe, 'yan majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, kowane ɓangare na nuna ɗaya da yatsa. Kristin, 'yar Vernon, tana cikin waɗanda aka ce su zauna a gida ba albashi. An kulle ɗakin binciken iri da take aiki a birnin Madison, ta tattaro ta dawo ɗakinta na ƙuruciya, tana yawo a gidan kamar kyanwar da aka rufe.

"Yauwa!" Vernon ya buga tebur da jin abin da mai shirin ya faɗa. "Su tsaya kan bakansu. A bar ta a rufe har Kirsimeti. Harajina ba zai tafi wajen yi wa masu tsallako iyaka magani kyauta ba."

"Haba Baba," in ji Kristin. "Tallafin inshorar lafiyar irinku ake gardama a kai. Kai da Mama za ku fara ji a jikinku."

"Abin da suke koya muku a Madison ke nan."

"A Madison dai ba sa biyana yanzu, sai ka ji daɗi."

"Ku ci abinci don Allah," in ji Arlene, matar Vernon, tana tura kwanon dankali tsakaninsu. "Kullum sai an yi majalisa a teburin nan. Naman ya huce."

Kristin ta ajiye cokali. "Baba, su wa ke tatsar shanunka?"

"Sebio daban ne."

"Daban da wa?"

"Daban ne na ce! Mutum ne mai aiki, bai taɓa roƙon kowa ba."

"Ina ma yake? Kwana biyu ban gan shi a kan tarakta ba."

"Ya ɗan bugu a ƙafa. Yana samun sauƙi."

Ya miƙe bai ƙarasa abincin ba, ya ɗauki hularsa. A waje ya duba shinge wanda babu abin da ya same shi. Ya shiga rumbun ciyawa ya fito. Ya tada a-kori-kura, ya kashe. Akwai abin da ke cinsa wanda ba zai iya faɗa wa ko Arlene ba: ranar da Eusebio ya fara cewa ba zai je asibiti ba, shi Vernon wani sanyi ya ji a ransa. A asibiti za a tambayi inda ya ji rauni, a tambayi wanda yake yi wa aiki. Daga nan wa ya san wanda zai biyo sahu har gona? In aka kwashe masu tatsa, babu ɗan gari ko ɗaya da zai tashi da asuba ya tsaya cikin kashin shanu. Gonar da kakansa ya sare daji ya kafa, a hannunsa za ta mutu. Sai ya riƙa gaya wa kansa cewa ai Sebio ne ya ƙi, shi taimako kawai yake yi.

* * *

Ranar Asabar da hantsi Reyna, matar Eusebio, ta faɗo kicin ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba, gashinta a warwatse.

"Maigida, ka zo. Yana ta magana da mahaifiyarsa, ita kuwa ta rasu tun kafin mu yi aure."

Kristin ta riga shi isa ɗan gidan kwanon da ke bayan gonar masara. Warin ne ya fara tarbarsu tun daga ƙofa. Eusebio na kwance yana karkarwa ƙarƙashin barguna, 'yan yatsun ƙafar sun yi baƙi, wani jan layi ya hauro har sama da gwiwa. 'Yan matan biyu sun maƙale a lungu suna kallo. A kan taga ga kwalbar mai hoton saniya.

Kristin ta ɗauke ta, ta juya ta, ta dubi mahaifinta.

"Wa ke yi masa wannan?"

Vernon ya dubi ƙasa.

"Baba! Mutum ne fa!"

"Shi ya roƙe ni."

"Kai kuma ka ji daɗin roƙon, ko ba haka ba?"

Vernon ya matsa zai ɗaga Eusebio, sai Reyna ta sha gabansa ta ware hannuwa.

"In suka tafi da shi fa? Ka gaya min, maigida. In suka ɗaure shi a gadon, suka jefa shi jirgi da ƙafar nan? Yaran nan a nan aka haife su, ba su san ko'ina ba. Kai za ka dawo min da shi?"

"Reyna, in ya kwana a nan gawarsa za ki riƙe," in ji Kristin a hankali.

Hannuwan Reyna suka sauka. Vernon ya sunkuya ya cicciɓe shi, ya yi mamakin rashin nauyinsa da zafin jikinsa. A mota Eusebio ya ɗan farfaɗo, ya ga hanyar da suka ɗauka, ya kama hannun rigar Vernon.

"Maigida, juya. Don Allah juya. Ƙara min allurar, gobe zan tashi."

"Yi shiru, Sebio."

"Wa zai yi tatsar yamma?"

"Na ce ka yi shiru!" Ya ƙara taka mota, idonsa na kan madubi, yana duba kowace mota da ta biyo su.

* * *

A harabar asibitin farar mota ɗaya ce, ta masu kawo wankakkun zannuwan gado. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi suna da ranar haihuwa da magungunan da ya sha. Babu wanda ya ce takardu. Aka tura shi ciki da gudu, Reyna na biye tana riƙe da gefen gadon.

Daga baya likitar ta fito, gajeruwar mace mai gilashi. Kristin ta riga ta ba ta kwalbar.

"Kai ne mai gonar?"

"Ni ne."

"Da kun kawo shi da wuri, wanke raunin za mu yi mu ɗinke ya koma gida ranar. Yanzu ransa muke ƙoƙarin cetowa. Ƙafar hagun ba za ta tsira ba, daga ƙasan gwiwa za mu cire." Ta juya ta koma.

Vernon ya zauna, ya tashi, ya je wajen injin kofi ya dawo hannu wofi. Kristin ta koma can ƙarshen layin kujeru ta ba shi baya. A talabijin ɗin bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an daidaita, gwamnati za ta buɗe. Wani ɗan majalisa mai jan laktaye ya fito ya ce sun yi nasara. Wani mai shuɗi daga ɗaya ɓangaren ya fito ya ce su ne suka yi nasara.

Aka dafa kafaɗarsa. Harlan ne, da suke coci ɗaya, ya kawo matarsa awon jini.

"Ka gani ko, Vern? Mun nuna musu! Wa ka kawo, ba dai Arlene ba?"

Vernon ya buɗe baki. Ɗan aikina? Abokina? Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar mahaifina tare da ni? Ya rasa wanda zai zaɓa.

"Wani ne daga gona," ya ce.

"Af, to da sauƙi," in ji Harlan, ya mayar da ido kan talabijin.

* * *

Eusebio ya rayu. Ya daɗe a asibiti, Kristin ce ke kai Reyna da yaran kullum har ranar da aka kira ta ta koma aiki. Ta sumbaci mahaifiyarta, ta ɗaga wa mahaifinta hannu daga cikin mota. Rediyon kicin kuma Arlene ta lura an daina kunna shi, ba ta tambaya ba.

Ana gobe za a sallamo shi, Vernon na share ɗakin tatsa ya ci karo da takalman robar Eusebio a bayan ƙofa, kashi ya bushe a jikinsu. Ya kai su famfo ya wanke da buroshi, ciki da waje, har ƙarƙashin dunduniya. Ya ratsa gonar masarar da aka girbe, dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya ƙwanƙwasa.

Reyna ta buɗe. Ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa. Ta miƙa hannu ta zare na dama.

"Na gode, maigida," ta ce, ta mayar da ƙofa.

Ya daɗe tsaye a kan matakalar, na hagun a rungume a ƙirjinsa, ruwa na ɗiga daga cikinsa yana jiƙa masa riga. Can a garke shanu sun fara kukan tatsar yamma.