Kilo Goma Sha Shida Saboda Auta

Kilo goma sha shida likita ya ce ta zubar, in har tana so ya cire mata ƙoda ɗaya ya dasa wa ƙanenta. Bai yi mata wani kwana-kwana ba. Ya duba takardar gwajin jini, ya duba abin da sikeli ya nuna, sannan ya ɗago.

"Jininku ya zo daidai, Yaya," in ji shi, don ya ji haka kowa ke kiranta. "Ƙodojinki biyu lafiyarsu ƙalau. Amma da wannan jikin ba zan shiga ɗakin tiyata da ke ba. Na ba ki wata biyar. Ki rage ci, ki riƙa tafiya a ƙasa, ki sha ruwa sosai. Kuma ko ƙwayar ciwon kai kada ki haɗiya sai kin tambaye ni."

Yaya mai ɗinki ce. Shekara ashirin da biyu tana zaune gaban keke daga safe har la'asar, kuma tun da ta koma na lantarki ita ma ƙafar ta samu hutu. Ƙanen nata, Auta, malamin makaranta ne, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu sau uku a mako ake jona shi da injin wankin ƙoda, awa huɗu cur, ya sauko kamar tsumman da aka matse. Su biyar ne a wurin iyayensu. Da maganar ƙoda ta taso, babban wansu ya tuna yana da hawan jini, mai bi wa Yaya ta ce mijinta ya hana, ɗayan kuwa wayarsa ta daina shiga. 'Yan uwa ke nan! Sai ita kaɗai ta miƙa hannu aka ɗebi jini.

Watan farko ta bi maganar likita sau da ƙafa. Da gari ya waye za ta ɗaura takalmi ta zagaya unguwa, tana haki, masu buɗe shago suna yi mata sannu da dariya a ciki. Kilo uku suka tafi. A wata na biyu sikeli ya kafe. Ta hau da safe, ta hau da yamma, ta cire ɗankwali da agogo ta sake hawa, ko gezau. A daidai lokacin ne jijiyar hannun Auta da ake soka allura ta toshe, aka koma wuyansa. Ranar da ta ga robar nan liƙe a wuyan yaron da ta goya, a bakin ƙofar asibiti ta tsuguna ta sha kuka.

Wata mai kawo mata ɗinki ce ta nuna mata gidan motsa jiki na mata, a saman bene, kan wani shagon waya. Madubi ko'ina, fanka biyu, warin roba da na gumi, da kiɗan da ke sa haƙori rawa. Mai wurin, wadda ke horar da su, Koci ake ce mata. Ba ta wuce shekara talatin ba, cikinta a shafe, bakinta ba ya rufuwa. Yaya ba ta ɓoye mata komai ba, har maganar ƙodar.

Koci ta dafe ƙirji. "Allah sarki! Anti, kin zo gida. Amma tafiya a ƙasa? Haba! Ai wannan na tsofaffi ne. Likitoci yanka suka iya, kitse kuwa mu muka san shi."

Ta ba ta wata riga mai kama da leda, ta ce a ciki za ta riƙa gudu a kan inji, minti arba'in ba tsayawa. Ta ce kada ta sha ruwa lokacin gudu, wai ruwa nauyi ne. Sannan ta sauko da gwangwanin wani gari daga saman kabad, da kwalin shayi mai hoton mace siririya.

"Likita ya ce kada in sha magani," in ji Yaya.

"Wa ya ce miki magani ne? Ganye ne zalla. Ni kaina shi nake sha, dube ni."

Yaya ta dube ta, ta dubi kanta a madubi, ta karɓa.

To, abin takaicin shi ne sikeli ya motsa. Da bai motsa ba, da ta watsar tun a makon farko. Kilo biyu a kwana goma! Shayin nan ya hana ta zama, tana ɗinki tana zarya banɗaki, garin kuwa ya sa zuciyarta bugawa har tana jin ta a kunne. Ta koyi gudu. Matar da hawa bene ɗaya ke sa ta riƙe bango, sai ga ta tana minti arba'in a kan inji, gumi na tsiyaya daga hannun rigar leda, Koci na tsaye a kanta tana ihu, "Saura biyar, Anti! Tuna ƙanenki!" Kuma tana tunawa. Da sunansa take ƙarasa minti biyar ɗin nan kullum.

A wata na uku Koci ta ce gudu kaɗai ba ya isa, sai an ɗaga ƙarfe. Ta nuna mata sau ɗaya, ta tafi amsa waya. Yaya ta sunkuya da bayan da ya shekara ashirin da biyu a lanƙwashe kan keke, ta ciccibi ƙarfen daga ƙasa. Wani abu ya ce ƙas a gindin bayanta. Ta saki ƙarfen ta durƙusa, wuta ta bi ta ƙafar hagu har yatsu.

"Ba komai, ba komai," in ji Koci da ta dawo. "Jiki ne ya fara karɓa. Duk wadda kika gani a nan ta yi wannan." Ta zuge jakarta ta ɓallo mata ƙwayoyi biyu. "Sha. Gobe ras za ki tashi. In kika kwanta mako biyu, wallahi duk abin da kika zubar dawowa zai yi da 'yan uwansa."

A nan kam ba za a ce an yaudari Yaya ba. Ta san wannan magani ne, ta kuma san abin da likita ya ce. Ta riƙe ƙwayoyin a tafin hannu ta yi ta kallonsu. In ta je wa likita da ciwon baya, cewa zai yi ta huta. In ta huta, sikeli ya hau. In ya hau, a ɗaga ranar aiki, Auta kuwa ga roba a wuya. Ta watsa su a baki ta haɗiye da miyau, tun da an hana ta ruwa.

Washegari ta iya miƙewa. Da maganin ya sake ta, ciwon ya dawo, sai ta aika aka sayo mata kwali guda a kemis. Biyu da safe kafin gudu, biyu da rana kafin ta zauna gaban keke, wani lokaci a ƙara biyu. Mako bakwai tana haka, kwali ya ƙare a sayo wani. Da ta je awon wata, nas ta tambaye ta ko tana shan wani abu, ta kalli idon matar nan ta ce, "A'a." Kwalin yana cikin jakar da ke kan cinyarta.

Abinci ya fita ranta, bakinta ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, ko ƙamshin miya ta ji sai zuciyarta ta tashi. Ita kuwa murna ta yi, ta ce Allah ne ya sauƙaƙa mata. Sau uku tana rage rigunanta da hannunta, ta farke gefe ta ci inci biyu ta mayar. Waɗanda suka gudu daga gwajin jini su ne kan gaba wajen yabo. Mai bi mata ta zo shago ta riƙe baki.

"Yaya! Kin koma budurwa! Ki ba ni sirrin mana, ni ma tumbin nan ya ishe ni."

Yaya ta ji kamar ta kwaɗa mata almakashi, amma ta yi dariya.

Ranar da wata biyar suka cika, ta hau sikelin asibiti. Kilo goma sha bakwai! Har da ɗaya na gyara. Nas ta tafa mata, aka ɗebi jini da fitsari na gwajin ƙarshe, aka ce ta dawo jibi a saka rana. Daga nan ta wuce gidan Auta, ta tarar matarsa ta riga ta fara haɗa jakar asibiti, har da sabon tawul guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na Yaya.

Jibi ta yi, ranar wankin Auta ce, suka zo tare. Shi ya shiga ɗakin inji da matarsa, ita ta wuce ofishin likita. Tana shiga ta ga bai yi murmushi ba. Takardu biyu ne a gabansa, tsohuwa da sabuwa.

"Yaya, me kike sha?"

"Ba komai, likita."

"Wata biyar da suka wuce ƙodojinki sun fi nawa lafiya. Yau ko rabin aikinsu ba sa yi. Ƙoda ba ta lalacewa haka kawai. Me kike sha?"

Ta buɗe jaka. Ta ajiye kwalin ƙwaya a kan tebur, saura huɗu a ciki. Ta ajiye gwangwanin garin, ta ajiye shayin. Ta faɗa masa rigar leda, da gudu ba ruwa, da ƙarfen. Likita ya ɗaga kwalin, ya tambayi guda nawa a rana, mako nawa. Da ta faɗa, sai ya cire tabarau ya rufe ido da hannu.

"Me ya hana ki zo ki ce bayanki na ciwo? Da kin zo, mako uku kawai zan ƙara miki. Uku!"

"To yanzu na daina," ta ce da sauri. "Wallahi daga yau na daina. Ka ba ni wata ɗaya su warke."

"Za ki daina, dole. Wataƙila su ɗan farfaɗo, muna fata. Amma ko sun farfaɗo, ba ni ba, ba wani likita mai tsoron Allah da zai raba ki da ɗaya."

"Ka zaɓi mai dama-dama ka ba shi. Ni na yarda, zan sa hannu."

"In na cire, ku biyu zan kwantar a kan inji. Ki yi haƙuri, Yaya. Maganar nan ta ƙare."

Ya ɗauko wani kati mai ruwan ɗorawa ya cike, ya ce duk mako biyu za ta riƙa zuwa a duba ta. Ta karɓa ba tare da ta karanta ba.

A baranda ta kira Koci. Ta faɗa mata abin da likita ya ce. Kiɗan nan na tashi a bayan muryar.

"Innalillahi! Amma Anti, ni guda biyu na ba ki, ban ce ki mayar da shi abinci ba. Garin kuma mutum nawa ke sha? Kowa da irin jikinsa. Bari in kira ki, ina da mutane a kan inji."

Shi ke nan fa. Ko sannu ta biyu ba ta samu ba. Haushin Koci ya cika ta, amma na kanta ya fi, don ita ta kalli nas ta ce a'a.

Ta daɗe a ƙofar ɗakin wankin kafin ta tura. Gadaje takwas, injuna takwas suna ƙugi, jini na zagayawa cikin robobi. Auta na gado na uku, an rufe shi da bargo don sanyi yake ji in ana wankin. Matarsa ta miƙe ta ba ta kujera, fuskarta fal fara'a.

"Yaya, wace rana suka saka? Ni dai na ce masa ba za ta wuce mako mai zuwa ba."

Yaya ta zauna a hankali saboda bayan. Auta ya ga katin a hannunta, ya zaci ranar ce aka rubuta. Ya miƙo hannun da ba a ɗaure ba ya zare shi, yana murmushi da busassun leɓɓansa. Ya karanta sunanta a sama. Ya karanta abin da ke ƙasa. Ya juya bayan katin, inda aka ja layukan ranakun zuwa asibiti, ya sake juyo shi. Murmushin ya tafi.

"Yaya," ya ce a hankali, "ai wannan irin katina ne."